Rigar Matar da Ta Dawo daga Taurari

Na san abin da ake faɗa a tsakaninku game da shekarar da babanku ya yi jinyarsa ta ƙarshe. Ba a gabana ake faɗa ba, amma yana zuwa kunnena. Ana cewa na jira sai da ciwo ya kwantar da Alhaji, harshensa ya yi nauyi, sannan na karya alkawarin da na ɗauka da aka kawo ni, na shigo da aikin fata gidansa. Wasu har suna ƙarawa da cewa ɓacin ran abin ne ya ƙarasa shi. Ban taɓa zama na kare kaina ba. A cikin takaba ba a jayayya, bayan na fita kuma sai na ga kamar maganar ta kwanta. Ashe ba ta kwanta ba. Yanzu da idona ya fara raguwa, gara in rubuta muku yadda aka yi, kowa ya karanta a ɗakinsa, ba tare da ya ji nauyin kallon fuskata ba.

Ni ɗiyar Malam Audu baduku ce, na Ketare. Kun san wannan, ko da yake an raine ku kuna jinsa sama-sama. Abin da kuka tashi ba ku sani ba shi ne ni ma baduka ce. Mahaifina ya daɗe bai sami ɗa namiji ba, mu huɗu mata muka fara zuwa, kawunku Idi sai can daga baya. Don haka ni ya koya wa sana'a. Kafin in isa aure na iya yanka, na iya ɗinki da basilla, na iya rina fata ta yi ja da karan dafi, ta yi rawaya da gangamau. Gafakar Alƙur'ani, kuben wuƙa, matashi, jaka, babu wanda ban fitar da hannuna ba, sai dai a kasuwa a ce aikin Malam Audu ne, shi kuwa ya dawo gida yana dariya ya ce yau ma an yabe shi da aikin Saude. Babanku a lokacin saurayi ne mai fataucin hatsi daga Ƙanƙara. Jakarsa ce ta tsinke a kasuwar Ketare ya kawo gyara, daga nan ya riƙa samun abin da zai tsinke masa kusan kowace kasuwa.

Mahaifiyarsa ta rasu yana ƙarami, yayarsa Hajiya Kulu ce ta raine shi, ita ce uwa ita ce uba. A wurinta jima da dukanci duk abu ɗaya ne, wari ne kawai, kuma ba ta ga dalilin da ƙanenta zai tsallake 'yan matan gari ya je ya ɗauko ɗiyar dukawa ba. Da ta ga ba zai juyu ba sai ta yarda. Washegarin da aka kawo ni, da hantsi, ta shigo ɗakina ta zauna a bakin gado, shi yana tsaye a ƙofa.

Ta ce, "Yarinya, na karɓe ki. Abu ɗaya nake so. Gidanga na hatsi ne. Kada in taɓa jin warin fata a cikinsa, kada ɗiyan da za ki haifa su tashi ana nuna su da baki."

Na ce, "Na yi alkawari, Yaya."

Na ɗaga ido na dubi babanku. Bai ce komai ba, ƙasa yake kallo. Na ɗauki shirunsa a matsayin yarda, na riƙe alkawarin nan shekara talatin da wani abu. Ba zan ce muku na yi zaman baƙin ciki ba, don ƙarya ce. Na haife ku, na yi sana'ar ƙuli-ƙuli da man gyaɗa, na je Makka, babanku bai taɓa ɗaga mini murya ba. Sai dai in takalmin ɗayanku ya tsinke, nakan aika da shi kasuwa, a dawo da shi da ɗinkin da ni da ido rufe zan yi wanda ya fi shi, in karɓa in ce an gode.

A shekarar da nake ba ku labari, Alhaji ya yi wata goma da shanyewar ɓarin jikinsa na dama. Kullum bayan karin kumallo mukan fito da shi tsakar gida, a zaunar da shi a kujera mai hannu ƙarƙashin darbejiya. Maganarsa ta yi nauyi, baƙi ba sa ganewa, amma ni ina ganewa, kuma hankalinsa na nan daram. Wannan ku riƙe shi da kyau, don a kansa duk maganar ta tsaya. Mutumin da yake gyara mini lissafin kwanakin wata, yake tuna mini sunan jikan da na manta, ba za a ce bai san abin da ake yi a gabansa ba.

Asma'u, autarku, tana koyar da kwamfuta a makarantar 'yan mata, gidan mijinta Nura kuma ba nisa da mu. Su biyun sun ji labarin wata gasa ta gajerun finafinai da ake ɗauka da waya, suka ce za su shiga. Labarin da ta tsara ya ba ni mamaki da ta fara faɗa mini. Wai nan da shekaru ɗaruruwa ruwan sama zai ɗauke a ƙasarmu, mutane su shiga jirage su koma wata duniya a cikin taurari. Bayan zamani mai tsawo sai su aiko mace ɗaya ta dawo da irin gero a jakarta, ta duba ko ƙasar kakanninta za ta sake karɓar shuka. Ita Asma'u ce za ta fito a matsayin matar, Nura ya riƙe waya. Na ce mata Allah ya kyauta, ya kuma bar mana damina. Ta yi dariya ta ce ai don a ji tsoron rasa ta ne ta rubuta.

Wata Asabar da hantsi ta shigo ranta a ɓace, ta jefa wani ƙunshi a kan tabarma. Rigar matar taurarin ce. Ta sayo ledar kujera mai ƙyalli kamar azurfa, wani tela ya ɗinka mata irin wadda take gani a finafinan Turawa. Ranar Juma'a sun je gwaji a duwatsun bayan gari, can inda ƙasa take fara fat. Kafin rana ta take, zufa ta cika rigar har jiri ya ɗebe ta, hammata ta yage, duk motsin da ta yi ledar sai ta yi ƙara ta danne maganarta, a waya kuma ba a ganin komai sai walƙiya.

Ta ce, "Inna, dubi fatar da na sha wahala na samo. Ko yini ɗaya ba ta yi ba."

Na ɗauka na murza tsakanin yatsuna. Ban san lokacin da magana ta fito ba.

Na ce, "Wagga ba fata ba ce, roba ce aka manna wa tsumma. Fata tana numfashi. Kuma wanda ya ɗinka ya jera huji kusa da kusa, dole ta yage. Da akuya ce aka juya cikinta waje, a sa mata ƙari a hammata, ko gudu kika yi ba abin da zai same ta."

Asma'u ta saki baki tana kallona.

"Inna, ina kika san wannan?"

Na ce mata a gidanmu na ji ana faɗa, na tashi na shiga madafa. Na daɗe a ciki ina wanke tukunyar da na riga na wanke. Har ta gaji ta tafi ban fito ba. Sai na ji Alhaji yana buga hannun kujera da zobensa, yadda yake yi in yana kirana. Na fito na durƙusa kusa da shi. Ya daɗe yana haɗa kalmomin, ni kuma na koyi kada in ƙarasa masa magana, don yana jin zafin haka.

Ya ce, "Alkawarin nan. Ni ban nema ba."

Na ce, "Ai shiru ka yi ranar, Alhaji."

Ya ce, "Shirun ne laifina. Tsoron Yaya nake ji." Ya huta, ya goge bakinsa da hannun hagu. "Jakar da kika gyara mini. Na san ke ce, ba Malam ba. Tahi Ketare. Yi wa yarinya rigarta."

Babu kowa a tsakar gidan sai ni da shi da kaji. Shi ya sa ba ni da shaida a kan wannan magana sai Allah, kuma Shi ya ishe ni. Na kwana biyu ina juya abin, don alkawarin ba shi na yi wa ba, yayarsa na yi wa. Na yi tunanin in je in nemi ta sake ni, na kuma san amsar da zan samu. A ƙarshe na ga cewa gida na Alhaji ne, shi ya ce in yi, ɗiyarsa ce kuma take bukata. Amma ba zan ɓoye muku ba, ba biyayya kaɗai ta kai ni ba. Ina so. Tun da na murza ledar nan hannuna bai zauna lafiya ba.

Ranar Talata muka shiga motar farko ni da Asma'u, don a shekarun nan ba a son yamma ta yi wa mutum a hanya. Muka sami kawunku Idi a zauren mahaifinmu, gemunsa ya yi fari, fatu a rataye har rufi. Warin bagaruwa ya tare ni tun daga ƙofa, sai da na dafa bango. Da na faɗa masa abin da ya kawo mu, ya dube ni ya dubi Asma'u, ya kwashe da dariya.

Ya ce, "Yaya Saude, shekara talatin ina jira ki zo ki ce in ba ki hwata. Ban taɓa zaton 'yan sama jannati ne za su kawo ki ba."

Ya sauko da su ya baje a tabarma. A nan na koya wa Asma'u abin da aka koya mini. Fatar tunkiya ta fi kowace laushi, tana ruɗin mai saye, amma ba ta da ƙarfi, in aka ja ta sai ta saki. Ta akuya siririya ce mai jimiri, tana bin jiki. Kirgin saniya kuwa kauri gare shi, ba a yin riga da shi, sai abin da ake so ya tsaya da kansa. Na nuna mata yadda ake naɗe fata a saki a ga ko ta bar tsaga, yadda ake ɗaga ta a rana a nemi ramin ƙaya da tabon wuƙar mahauci, yadda ake shinshina ta a gane ko jimar ta nuna. Sannan muka zo kan babbar maganar. Kowace fata fuska biyu gare ta. Akwai ta waje, inda gashi yake a da, mai santsi, wadda in aka goge ta take sheƙi. Akwai ta ciki, wadda in aka kankare aka murje ta da dutse take yin lallausan gashi kamar karammiski. Asma'u ta ce a kanti wannan ta biyun suwed ake ce mata. Idi ya ce su dai a nan juyayya suke cewa, tun kafin a haifi kanti.

Ita Asma'u mai sheƙin take so. Ta ce mutanen taurari ai dole su yi ƙyalli, haka ake ganinsu ko'ina.

Na ce, "Mutanen naki daga ina suka tashi?"

Ta ce, "Daga nan. Daga Ƙanƙara da Faskari da ƙauyukanmu."

"To da za su shiga jirgin, mi suka ɗauka?"

Ta ce hatsi, da dabbobi.

Na ce, "In sun tahi da awaki, sun tahi da majemi da baduku. Matar nan ba baƙuwa ba ce, jikarmu ce. Kuma tafiyar ƙasa za ta yi cikin rana da ƙaya. Mai sheƙi tana ɗaukar zafi, ƙaya ta karce ta kowa ya gani. Juyayya tana shanye haske, ba ta ƙara, in ta tsufa kyau take ƙarawa. Laifinta ɗaya, ba ta son ruwa."

Idi ya ce, "Ai a labarin nata ruwan ne babu."

Muka fita waje, ya riƙe fatun biyu a rana, Asma'u ta ɗauka da waya. Mai sheƙin ta yi farin tabo a hoton, juyayyar ta fito da launinta na ƙasa-ƙasa har ana ganin gashinta. Duk da haka ranta bai saki mai sheƙin ba, ni kuma ban so in danne ta, don fim nata ne. Muka yanko ƙyalle ɗaya daga kowace muka koma gida kafin la'asar, ba mu yanke shawara ba.

Alhaji na nan ƙarƙashin darbejiya. Asma'u ta durƙusa ta ɗora masa ƙyallayen biyu a cinya, ta ce Baba ya raba gardama. Ya sa hannun hagu ya shafa mai santsin sau ɗaya. Ya koma kan juyayyar, ya shafa ta gaba, launinta ya yi duhu, ya shafa ta baya, ya yi haske. Ya yi ta yin haka kamar ya manta da mu. Can ya ɗaga ta ya kai hancinsa, ya lumshe ido.

Ya ce, "Zauren Malam." Sai ya miƙa wa Asma'u. "Wagga. Waccan a kafaɗa."

Haka aka yi. Idi ya aiko da fatun akuya guda bakwai da rabin kirgi, da basilla da wuƙa da zaren jijiya. Na shimfiɗa tabarma kusa da kujerar Alhaji, a fili, ban ɓuya a ɗaki ba. Kwanakin farko yatsuna sun yi ciwo, na lalata hannun riga ɗaya, na zauna ina jin kunya kamar sabuwar koyo. A mako na biyu hannun ya dawo. Na yi mata riga juyayya har ƙasan gwiwa, mai tsaga a gefe don tafiya, da wando, da hula haɗe da wuyan rigar wadda take rufe kai da ƙirji kamar hijabi. Kafaɗu da damatsa da ɗamara na yi su da kirgi mai sheƙi, rinin baƙi. Na bi gefuna da siririn ja na karan dafi, irin adon da mahaifina yake yi wa gafaka. Kwalkwalin da za ta sa a ka kuwa ƙwarya ce na lulluɓe da fata, Nura ya kawo gilashin tsohuwar hular kwano ta babur muka dasa a gaba. Alhaji shi ne mai riƙe mini bakin fata da hannunsa mai lafiya in zan ja zare. Mako shida muka yi a haka, kuma a duk zaman aurenmu ban tuna lokacin da muka yi hira mai yawa kamar wannan ba, ga shi kuwa a lokacin ne magana ta fi yi masa wuya.

A mako na huɗu Hajiya Kulu ta zo duba ƙanenta. Ta tsufa sosai, da sanda take tafiya, amma hancinta lafiya lau. Tun daga zaure ta tsaya. Ta shigo ta dubi tabarmar, ta dube ni. Na gaishe ta, ba ta amsa ba.

Ta ce, "Saude, ashe jira kike."

Na ce, "Yaya, ki zauna in yi miki bayani."

Alhaji ya yi ta ƙoƙarin magana, yana buga ƙirjinsa da hannu, yana cewa shi ne, shi ne. Amma in ransa ya tashi harshen yakan ƙara ɗaurewa, ita kuma kunnenta ya yi nauyi. Abin da ta gani shi ne ƙanenta yana dukan ƙirji yana kuka a gaban tulin fata. Na fassara mata, ta ce ai dole in fassara yadda ya yi mini. Ta juya ta fita. Daga bakinta ne maganar da kuke ji ta samo asali, kuma ban riƙe ta ba, don abin da idonta ya nuna mata ta faɗa. Ba ta sake taka gidan nan ba sai ranar da aka fitar da shi, har ta koma ga Allah ba ta amsa gaisuwata ba. Ita ta raini mijina. Wannan rashin yana nan a raina.

Ranar da aka gama, Asma'u ta shiga ɗakina ta sa rigar ta fito tsakar gida, kwalkwali a kai, jakar iri a kafaɗa. Kaji suka watse. Ta tako a hankali har gaban babanta, ta durƙusa ta ce, "Ranka ya daɗe, daga taurari nake, an ce a nan ake sayar da gero." Alhaji ya yi dariya har da hawaye, irin wadda rabona da ji tun kafin ciwon. Ya ce mata tiya nawa take so.

Suka ɗauki fim ɗinsu a farar ƙasar bayan gari, kwana uku, rigar ba ta yage ba, ba ta yi ƙara ba. Da suka zo haɗawa sai Asma'u ta zo mini da tambayar da ta fi zaɓen fata nauyi. Ta ce a ƙarshen fim ana rubuta sunan duk wanda ya yi aiki, me za ta rubuta a wurin ɗinki? Ta ce in ina so sai a sa sunan Kawu Idi, ko a bar wurin haka nan. Na san abin da take tsoro. Babban yayanku, Babangida, wanda ba na kiran sunansa na yanka, yana aure a Sabuwa a gidan masu sarauta, kuma na daɗe da lura in ana maganar dangin uwa a gaban matarsa yakan sauya zance. Na dubi Alhaji, ya ɗaga kafaɗarsa mai motsi, wato ni zan yanke wannan. Na tuna shekarun da aikina yake fita da sunan mahaifina, da shekarun da sunan mahaifina ba ya fita a bakina a gidan nan.

Na ce, "Rubuta Saude, ɗiyar Malam Audu baduku, Ketare."

Fim ɗin bai ci gasar ba. Amma ya yi yawo a wayoyi, daga Ƙanƙara har Mairuwa da Damari, mutane suna tura wa juna suna cewa ku ga 'yar sama jannatin Katsina. Bai yi mako biyu ba ya isa Sabuwa. Babangida ya zo da kansa, ya tsaya a ƙofar ɗakina, ko takalmi bai cire ba.

Ya ce, "Inna, da me na rage ku? In ɗinki ake so sai in biya a yi a Kano. Yanzu da wane ido zan dubi surukaina? Kuma Gwaggo Kulu ta faɗa mini yadda Baba yake kuka."

Na ce masa ya shiga ya tambayi babansa, ya ba shi lokaci ya yi magana. Ya shiga, amma bai iya jiran kalmomin ba, bai saba ba, ya gaishe shi ya fito. Daga nan ya ɗauke ƙafa. Yana aiko da magani da buhun shinkafa, yana kiran Nura ya tambayi jiki, amma Sallah ƙarama ta wuce bai zo ba, babba ma haka. Alhaji yakan dubi ƙofa in ya ji tsayuwar mota. Ga gaskiyar da nake bin kaina da ita, tunda na ce zan faɗi duka: fata ba ta ɓata wa babanku rai ba ko sau ɗaya, amma rashin ganin ɗansa ya ɓata, kuma sunan da na sa aka rubuta ne ya jawo. Da na ce a bar wurin haka nan, da watannin nan bakwai yana da ɗansa kusa. Na sha tambayar kaina ko da na sani zan sake. Wata rana in ce e, wata rana in ce a'a. Ciwon ya sake bugunsa ana tsakiyar damina, da safe, bayan ya sha kunu. Likita ya ce irin wannan ciwo yakan dawo. Kwanansa ne ya ƙare.

Ranar addu'ar uku surukin Babangida ya zo daga Sabuwa, dattijo mai rawani, ya nemi a kawo shi ya yi mini gaisuwa. Ya tsaya daga bakin ƙofa, labule tsakaninmu, Babangida na bayansa, daga baya aka ce mini riƙe yake da takalman dattijon. Bayan ya yi addu'a sai ya ce yana da wata magana.

Ya ce, "Hajiya, na ga rigar da kika ɗinka. Tun kafin sunan ya fito na ce wa yara wannan jan gefen na gidan Malam Audu ne. Shi ya yi wa mahaifina gafaka, tana nan har yau. Lokacin da ɗanki ya zo neman aure mun aika an bincika asali, kamar yadda ake yi. Da aka ce jikan Malam Audu ne ta wajen uwa, mahaifina ya ce a ba shi, gidan masu amana ne."

Na yi godiya. Ya yi sallama ya tafi. Ban ga fuskar ɗana ba, labule ya tare, amma sai da takun surukinsa ya yi nisa sannan na ji nasa ya bi baya.

Da la'asar, mata sun ragu, na idar da salla ina zaune a kan darduma, sai Babangida ya yi sallama. Wannan karon ya cire takalmi. Ya shigo ya zauna a ƙasa kusa da ƙofa, mutum mai shekara kusan arba'in, ya haɗa kai da gwiwa. Bai ba ni haƙuri da baki ba, ni ma ban nema ba. Can ya ɗago, idonsa jawur.

Ya ce, "Inna, Baba ya yi fushi da ni?"

Na ce, "Ya yi kewarka. Fushi kam bai yi ba."

Sannan ya ce, "Shi Malam Audu, yaya kamanninsa? Ko hotonsa ban taɓa gani ba."

Na ce masa ba a taɓa ɗaukarsa hoto ba. Na ce ya matso. Ya matso. Na kama hannunsa na dama, abin da rabona da yi tun yana yaye, don kun san ɗan fari ba a sakewa da shi. Na juya tafin sama, na nuna masa faɗinsa, da gajerun yatsun, da babban yatsan da ya lanƙwasa baya.

Na ce, "Ga shi nan."

Bai janye hannun ba har aka kira magariba.